Teku a Juye

Ubana, Obadiah Tranter, bai taɓa ganin teku ba.
A ɗakin saman bene, a Clerkenwell ta birnin Landan,
inda hayaƙin kwal ke baƙanta wanki tun bai bushe ba,
ya yi shekara talatin da ɗaya
yana kwarzana igiyar ruwa a kan allon jan ƙarfe.

Mista Threlkeld ne mai fenti.
Shi ke zuwa gaɓar Whitby,
ya dawo da hadari ɗaure cikin firam mai ruwan zinariya,
manya su tsaya gabansa suna gyaɗa kai.
Mu kuwa a keken doki ake aiko mana da shi, naɗe a bargo:
"Wata takwas. Fam arba'in. Kada yatsa ya taɓa."

Sai Baba ya jingina shi gaban madubi,
don sana'armu a juye take.
Na dama ka kai shi hagu,
jirgin da ya doshi gida ka sa ya ba gida baya,
sai takarda ta sha tawada
kana gaskiya ta koma mazauninta.
Ba mu da shuɗi, ba mu da kore.
Layi ya matsi layi, dare ke nan.
Layi ya ba layi wuri, gari ya waye.

A gindin kowane bugu suna biyu ne,
na mai fenti a hagu, na Baba a dama,
ƙanana kamar sawun tururuwa.
Ɗaya ake karantawa.

Hunturun da na cika sha tara
yana ta fara sauka a idonsa.
Ya ƙara kyandir bayan kwalbar ruwa, ya ƙara wani,
har daren da tsinken ya zame
ya tsaga filafilan jirgi gida biyu.
Bai yi tsaki ba.
Ya turo min ƙotar da tafinsa ya cinye,
ya ce, "Keziah, hannunki ya fi nawa ɗumi yau."

Wannan yau ɗin ta yi shekara goma sha ɗaya.

Mai ɗab'i yakan ɗaga bugun wajen taga
ya ce, "Tsohon nan, kullum sai ƙara gwaninta!"
Baba ya sunkuyar da kai, ni in zuba shayi.
Ban yi ƙorafi ba, amma ban yi shiru duka ba:
cikin kumfar da ke dukan dutse, can ƙasa,
akwai harafin farko na sunana,
layi uku tsakanin layi dubu tara.

Daga baya akwatin ɗaukar hoto ya zo,
mai yi da ƙiftawar ido abin da ke cinye mana damina da rani.
Aiki ya janye kamar bashin da aka yafe.
Muka binne Baba ranar Talata, ana yayyafi.
Aka sayar da allunan a kan sikeli.

Sai gobara ta tashi a gidan attajirin da ya sayi zanen.
Shuɗin ya tafi, koren ya tafi, firam ya narke.
Abin da ya rage shi ne baƙi da fari
a bangon ɗakunan malaman makaranta da masu sayar da magani.
Yanzu jarida na cewa babu wanda ya san kumfar teku
kamar marigayi Threlkeld.
Na yanke shafin, na naɗe kifi da shi.

Bara, ina da hamsin da shida,
na hau jirgin ƙasa zuwa Whitby.
Iska ta fizge min hula, gishiri ya cika min baki.
Ga tekun, ya fi yadda na zata ƙara.
Amma hasumiyar fitila tana inda bai kamata ba,
jirage duk sun saɓa hanya.

Na juya masa baya,
na ciro ƙaramin madubi daga jaka.
Nan na gane shi.